Ganyen Da Ya Raini Sarauniya

A lardin Oro na ƙasar Papuwa Niyu Gini akwai malam-buɗe-littafin da ya fi kowanne girma a duniya. Tamatar, in ta buɗe fukafukanta, takan haura santimita 25. Can ƙololuwar bishiyoyi take shawagi, inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa a 1906, da Bature Albert Meek ya so kama ta, sai da ya sa bindiga. Shekara guda bayan haka aka raɗa mata sunan Alexandra, matar Sarkin Ingila na lokacin. Yau hotonta yana jikin tutar lardin.

Amma ba a sama aka haife ta ba.

A ƙasa, cikin duhun kurmi, akwai wani tsiro mai yaɗo da ke laɓewa jikin bishiyoyi, ba wanda ya taɓa sa shi a tuta. A kansa ake ajiye ƙwan. Tsutsar da ta fito, baƙa mai jajayen ƙayoyi da farin tabo a gadon baya, ba ta da wani abinci sai ganyensa. Ta ci toho, ta ci ɗanyen ganye, ta koma kan tsoho. Tsiron yana da dafi, to har dafin nan takan tara a jikinta, ya zama mata garkuwa: tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa. Duk kwarjinin da za ta yi wata rana, a nan ta aro shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikinta na ƙarshe. In ta ƙoshi, lokacin shiga kwanso ya yi, sai ta gangaro ta gwaguye bawon karan tsiron, ta kewaye shi kaf. Duk abin da ke sama da wurin sai ya yi yaushi, ya bushe. Bayan kamar wata guda ta fito da sabuwar riga, ta shanya fukafukai a hantsi, ta yi sama, tana shan zaƙin furanni.

Sai lokacin ƙwai ya zagayo take saukowa, tana bi ganye ganye, tana taɓawa da ƙafafunta a hankali, kamar mai gaisuwa.

Kurmin dai ya ragu. Dutsen Lamington ya yi aman wuta a 1951 ya cinye wani sashe, gonakin kwakwar manja suka bi baya. A filayen Popondetta yanzu takan daɗe tana kewaya layukan kwakwa, cikinta cike da ƙwai, tana neman ganyen nan.