Laifin Bokiti Ne

A Wagini, kamar sauran garuruwan Batsari da Safana, gareji suna ne kawai. Ɗakin da aka gina don mota shi ne masaukin babur da buhunan takin zamani da masarar bara. Idan watan Agusta ya kama, rufin kwano ya fara yoyo, sai maigida ya ɗora wa ruwan sama laifi. Ni kuwa bokiti nake tuhuma. Da babu shi, da ɗigon farko ya sa mutum hawa tsani. Amma da zarar an tara shi, ƙarar ɗigo ta koma kiɗa, sai hankali ya kwanta har Oktoba. Bokitin ma maƙaryaci ne, domin ruwa ba ya ɗiga daidai inda ya shigo. Yakan kutsa ta ramin ƙusar da tsatsa ta ci, ya bi katako a hankali, ya sauka can kan buhun yuriya, takin da laima kaɗan ke narkarwa.

Za a ce kwano ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Sai dai ba bandir ake nema ba. 'Yar kwalta da tsumma sun isa toshe ramin ƙusa. Za a kuma ce masu soron ƙasa ma suna fama. Suna yi, amma su tun kafin damina suke yaɓe, su share indararo. Mai kwano ne ke ganin ya sayi rufin da zai bar wa jikoki, shi ya sa yake aiken yaro kasuwar Batsari ya ƙaro bokiti na uku.