Hagarawa, Nasarawa da Masu Gardamar Keffi

Na san halinku, mutanen Keffi. Da na ce akwai wata al'umma da ake kira Hagarawa, wani zai ajiye kofin shayi ya ce, "Malam, a wace unguwa suke?" To, kwantar da hankalinka, Alhaji, ba za ka same su a hanyar Akwanga ba. A Tsohon Alkawari suke, da harshen Ibrananci. Mutum ɗaya Hagri, jam'i Hagrim. Wannan "-im" ɗin aikin "-awa" namu yake yi, kamar Kanawa da Katsinawa. Saura a san wane ne "Hagr" ɗin, kuma nan ne rigimar take.

Littafin Tarihi na Ɗaya, sura ta 5, ya nuna makiyaya ne masu zama a tantuna gabas da Gileyad, wajen Urdun ta yau. A zamanin Sarki Saul, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, kabilar Ra'ubainu ta yaƙe su. A wani yaƙin kuma mayaƙa 44,760, har da Ra'ubainawa, suka far musu, suka kwashe raƙuma 50,000, tumaki 250,000, jakuna 2,000 da mutum 100,000. Na ga Baba mai sayar da awaki yana girgiza kai. Baba, ba ni na ƙirga ba. Ko an rage rabi, wa zai kora su gida? A sura ta 27 kuma, Sarki Dauda ya damƙa garkensa na tumaki a hannun wani Bahagare mai suna Yaziz. An ci su da yaƙi, amma da aka zo maganar kiwo, sai aka koma wurin gwanaye.

Bayanin da ya fi yawo shi ne zuriyar Hajara ce, mahaifiyar Annabi Isma'ila, wadda Ibraniyawa ke kira Hagar. Hujjar ba ta banza ba ce. Abokan yaƙinsu a sura ta 5 sun haɗa da Yetur da Nafish, kuma sunayen nan biyu suna cikin 'ya'yan Isma'ila goma sha biyu a Littafin Farawa, sura ta 25. Ni ma nan na fi karkata. Sai dai Zabura ta 83 ta jero Isma'ilawa daban, Hagarawa daban. In ɗa ɗaya ne ya fito daga ɗakin, me ya kawo jeri biyu?

Nan Malam mai Larabci zai gyara rawani ya ce ai abin a fili yake: Hajara, hijira, muhajirai, duk daga ha da jim da ra. Baiwar Allah ta bar gida, shi ya sa aka kira ta haka. Allah gafarta Malam, daɗin ji kam akwai. Amma Bamisiriya ce, da sunanta ta shigo gidan Annabi Ibrahim tun kafin tafiyar. Wa ya raɗa wa jaririya sunan gudun da ba ta yi ba tukuna? Kuma inda Farawa ta ba da labarin guduwarta, kalmar Ibranancin "barah" ce, babu ruwanta da h-g-r. Ga wata kuma: a tsoffin harsunan kudancin ƙasar Larabawa "hagar" na nufin gari, yankin Ahsa'u na gabashin Saudiyya ma da can Hajar ake ce masa. Ke nan mai yiwuwa sunan wuri ne, ba na uwa ba.

Kun ce wasa da hankali nake yi? To mu dawo gida. A ba baƙo sunan jiharmu, wadda aka ƙirƙira a 1996, a ce ya fassara. Ya san Nasara Bature ne ko Kirista, ya san "-awa" mutane ne, nan take zai rubuta cewa Nasarawa ƙasar Turawa ce. Ku kuwa kun san daga nasarar yaƙi aka samo shi. Ku yi tunanin a faɗa wa Magaji Ɗan Yamusa wannan fassarar, mutumin da ya kashe Kyaftin Moloney a nan Keffi a 1902, ya nufi Kano, Turawa suka riƙe hakan cikin dalilansu na auka wa birnin a 1903. Keffi kanta daga "kafi" take, shingen itacen da aka kewaye garin da shi zamanin Abdu Zanga, wajen 1800. Bayan shekara dubu wani masani zai iya rantsuwa cewa gonar kofi ce.

Sunan Hagar ma ya yi yawon da ya fi haka. Kiristocin Sham na farkon Musulunci sun kira Larabawan da suka zo musu Mahgraye, har yau masana na jayayya ko 'ya'yan Hajara suke nufi ko muhajirai. Daga nan Patricia Crone da Michael Cook suka samo sunan littafinsu Hagarism na 1977, wanda ya sha suka. Yahudawan Turai na da can kuwa ƙasar Hungari suke kira Hagar, don kawai sautin ya yi kama.

Hajiya da ke can baya tana tambaya, ita da aka sa mata Hajara, ko tana da gado a raƙuman nan 50,000. Hajiya, ki fara nemo Ra'ubainawa, su suka kora su.