Labarin da Gwaggo Ta Ba Uwar Amarya

Saura kwanaki kaɗan biki, Gwaggo, tsohuwar nas, ta shiga ɗakin amarya ta tarar da ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Mai gyaran jiki na bayani: gulutatayon ne da bitamin C, yana wanke jini, yana sa fata haske.

Gwaggo ba ta ce mata uffan ba. Sai ta juya ga uwar amarya.

"Yaya, kin san labarin wani likita a Amurka, Paul Marik? A 2017 ya ba da sanarwar cewa ya sa wa mutum 47 da cuta ta shiga jininsu bitamin C ta jijiya, haɗe da wasu magunguna biyu, kuma kusan duka sun tashi. Duniya ta ɗauka. Amma likitoci ba sa sayen doki a kan labarin dillali. Sai aka tara majinyata 872 a Kanada da Faransa da New Zealand, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi bitamin C, rabi ruwan da babu magani a ciki. A 2022 sakamako ya fito. Waɗanda suka mutu ko gaɓoɓinsu na ciki suka kasa farfaɗowa sun kai kashi 44.5 cikin ɗari a masu bitamin, kashi 38.5 a ɗaya ɓangaren."

"Ikon Allah," in ji uwar amarya.

"A ɗakin kulawa ta musamman ke nan fa, inda ake auna ƙoda kullum. Don bitamin C in ya yi yawa yana iya tara tsakuwa a ƙoda, kuma mai ƙarancin sinadarin jini na G6PD, wanda ba baƙon abu ba ne a wajenmu, jininsa na iya fashewa. Shi kuwa gulutatayon, hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi tun 2011 a kan allurarsa don farin fata."

Mai gyara ta gyara zama. "Hajiya, ai namu ba na marasa lafiya ba ne, na kwalliya ne."

"Haka ne, 'yata, ni ma labarin Turawa nake bayarwa. Yaya, ina takardar gwajin ƙodar da aka yi wa yarinyar nan kafin a huda ta? Manta gilashina na yi, ki karanta mini."