Rabu da Idon Soja, Ka Gyara Masa Ƙasar da Zai Taka

A shekarar 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da ɗan littafi mai suna Little Wars, inda ya tsara wa magidanta masu gemu dokokin yaƙi da sojojin wasa na dalma a tsakar ɗaki. Igwarsa ta wasa ce mai sifirin, tana harba guntun katako, sojan da ta kayar ya mutu ke nan. Yau an bar harbin, an koma kan tebur, ana auna tafiyar runduna da tef, ana jefa ƙwayar lido don a san wanda harsashi ya samu. Sai dai masu wasan na yanzu sun gaji wata wahala da Wells bai sha ba. Shi da kayansu yake sayen sojojinsa, fentattu daga masana'anta. Naka kuwa tsirara za su iso, launin toka, wasu ma kai daban hannu daban, kai ne telansu, kai ne marininsu, kai ne kuma za ka samar musu ƙasar da za su tsaya a kai. To, ya kai sabon Sarkin Yaƙi, shawarar da za ta cece ka guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: ka yi wa sojanka fenti gwargwadon abin da ido ke gani daga bakin tebur, ƙarfin da ka rage kuma ka zuba shi a kan dandamalin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Lissafi ne ya kawo wannan shawara. Sojan da aka fi yayi tsawonsa milimita 28 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin 56 na mutum. Idan kana tsaye a bakin tebur, tsakanin idonka da shi akwai kamar mita ɗaya, daidai da hango mutum daga mita 56, kamar yadda mai tsaron raga ke hango wanda ke tsakiyar fili. Daga nan za ka gane launin rigarsa, za ka gane ko da hula a kansa, amma ba za ka iya rantsuwa kan launin ƙwayar idonsa ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan daushe daga nesa ya san abin da ke kama ido: jerin rawuna, launin riguna, yadda ayarin kowane hakimi ya fita daban. Ba wanda ya dawo gida yana yabon girar wani dogari. Sai lissafi na biyu, wanda ya fi ciwo. Rundunar zamanin Napoleon mai ɗan kauri za ta ci soja 300. In ka ba kowanne awa biyu, awa 600 ke nan, kuma a kan awa ɗaya kowane dare za ka yi shekara ɗaya da wata takwas kafin a busa ƙahon farko. In ka ba kowanne minti ashirin, cikin kwana ɗari ka fita daga. Masu wannan sha'awa suna da abin da suke kira dutsen dalma, wato tarin sojojin da aka saya ba a fenta ba, cike da akwatuna a ƙarƙashin gado, kuma son yi wa kowane soja ido ne yake ƙara wa dutsen nan tsawo.

Kafin fenti akwai wanka, kamar kowane kurtu. Ka wanke su da ruwan sabulu, domin maiƙon da aka shafa wa mazubin da aka zuba su a ciki yana hana fenti kamawa. Ka ɗauki 'yar wuƙa ka kankare layin da mazubin ya bari, wanda yake ratsa hula ya sauko ta kafaɗa, in ba haka ba dukan bataliyarka za ta fito da tsage iri ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Ka manna su shida shida a kan tsinken katako, ka fesa musu shafen farko, baƙi ko fari ko toka. Baƙi shi ne aminin mai gaggawa, don duk lungun da burushi bai kai ba sai ya zauna a matsayin inuwa, ba mai tambaya. Fentin da ake amfani da shi irin mai narkewa a ruwa ne, kamar na kamfanin Vallejo na ƙasar Sifen, kuma sai ka tsinka shi ya yi kaurin madara. Shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake cike fuskar soja har ta koma kamar curin fura. Kofin shayinka kuma ka ajiye shi can nesa da kofin wanke burushi, domin hannu ba ya bambance su da dare.

Daga nan sai aikin gayya. Kada ka gama soja ɗaya sannan ka ɗauki na biyu. Ka jera ashirin da huɗu, ka yi wa dukansu riga, ka dawo ka yi musu wando, sannan fuska da hannuwa, sannan bindiga, sannan farin bel ɗin da ya gicciye ƙirji. Kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. Idan launuka sun zauna, ka kawo ruwan inuwa, wato tsinkakken fenti mai duhu, ka shafe sojan gaba ɗaya. Ruwan da kansa zai gangara cikin ninkin riga da ramin ido da tsakanin yatsu, ya yi maka cikin minti ɗaya abin da da burushi za ka kwana kana yi. Ga idon da kake nema nan, inuwa ce kawai a ƙarƙashin hula, kuma haka idon mutum yake daga mita hamsin. Wanda ya nace sai ya ɗiga fari ya ɗiga baƙi a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, sakamakonsa bataliyar da kowa a cikinta ya zaro ido kamar ya yi gamo, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Launi kuma ka ɗan ƙara masa haske fiye da na gaskiya, don ƙaramin abu yana shanye haske. Dawaki kaɗai ka ba su ɗan bambanci, ga akawal ga bidi, sai fa in rundunar Scots Greys kake yi, wadda dawakinta kili ne.

A nan ne malamin tarihi zai ɗaga hannu, mutumin da ke zuwa wurin wasa da littattafan tarihin soja na Osprey a hammata, ya ce wannan sakaci ne da amanar tarihi. Yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin yana da muhimmanci. Abin da ke bambance runduna da runduna dole ka yi shi daidai. Sojan ƙasa na Ingila a yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yuni 1815, jar riga ce da wando ruwan toka, amma launin kwala da bakin hannu shi ke faɗin ko shi ɗan wace runduna ce: ta 28 rawaya, rundunonin da ke ɗauke da sunan sarauta shuɗi. 'Yan runduna ta 95 kore suka sa da baƙin bel. Wannan duk ana hango shi daga nesa, saboda haka yana cikin abin da za ka kula da shi. Amma idan malam ya koma jayayya kan ainihin jan da ya dace, tarihin da kansa zai tsaya maka. Rigar ƙaramin soja da saiwar wani tsiro ake rina ta, mai arha, tana koɗewa a rana da ruwan sama, ta hafsa kuwa da wani ɗan ƙwaro mai tsada da ake kawowa daga Meziko. Faransawa ma shuni ya yi musu wuya saboda jiragen Ingila sun tare teku, har Napoleon ya gwada mayar da sojan ƙasa farar riga a 1806, ya janye a shekarar da ta biyo. Wanda ya san marina ya san tsoma biyu ba sa fitowa daidai. Kowane ja ka shafa, akwai sojan da ya taɓa sa irinsa.

Yanzu ga inda ya kamata ka zauna ka natsu. Mai wasa daga sama yake kallon tebur, don haka abin da ya fi cika masa ido shi ne saman hula da ƙasar da ke kewaye da ƙafa. Dandamali shi ke haɗa mutum ɗari uku da aka fenta a watanni dabam dabam su zama runduna ɗaya. Ka manna sojoji a kan falle na katako ko roba, ka cike gefen ɗan tudun da ke ƙafar kowanne don kada ya zama kamar yana tsaye a kan faifai. Ka shafa farin gam irin na kafinta, ka tsoma cikin yashi mai gauraye da 'yan tsakuwa, ka bari ya kwana. Washegari ka shafa masa ruwan ƙasa mai duhu, sannan ka ɗebo launi mai haske a burushi, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka share saman yashin da shi a hankali. Ƙwayoyin yashi za su ɗauki hasken, ramuka su riƙe duhun. Sai ka dasa ciyawar roba tsibi tsibi, kana barin fili a tsakani, domin ba a taɓa yin yaƙi a kan darduma ba. Ƙasar kuma ta dace da wurin. An kwana ana ruwa kafin Waterloo, filin taɓo ne da gonakin hatsi da aka tattake. Ansar ɗin Mahdi da suka fuskanci Janar Kitchener a Omdurman a 1898, da jibbarsu mai faci faci, rairayi da tsakuwa suke so. In ka dasa musu koren ciyawa har gwiwa, ka kai su inda ba su taɓa zuwa ba. Ka rubuta launukan da ka haɗa a takarda ka adana, don bayan wata shida ba za ka tuna ba, kuma bataliyar da ƙasarta ta bambanta da ta 'yan'uwanta kullum kamar baƙuwa take.

Tun kafin ka buɗe gam, ka tambayi abokan wasanka dokar da suke bi, saboda ita ke yanke girman dandamali. A dokar DBA, wadda ta fito a 1990, runduna guda dandamali goma sha biyu ce kacal, kowanne faɗinsa milimita 40 idan sojojin na milimita 15 ne. Wasu dokokin suna son kowane soja shi kaɗai a kan kwabonsa. Wanda ya yi gaban kansa zai ƙare da jiƙa dandamali cikin ruwa yana ɓamɓare sojoji da wuƙa, ƙafafu na karyewa, asarar da ta fi ta kowace igwa.

Saura mai zane na gaske, wanda zai ce daɗin abin duk yana cikin ƙananan bayanan, kuma akwai gasa da ake yi inda alƙalai ke duba soja ɗaya da madubin ƙara girma. Haka ne, kuma aikinsu abin sha'awa ne. Amma wancan sojan ɗan kabad ne, ba a jefa ƙwayar lido kusa da shi, ba hannu mai maiƙon suya da zai ɗauke shi. Ƙishirwar nan tana da inda za ka kashe ta ba tare da ka tsayar da yaƙi ba: janar da hafsoshinsa, mai ganga, mai ƙaho, da tuta. Yawancin bataliyoyin Ingila tuta biyu suke ɗauka, ta sarki da ta runduna, Faransawa kuma gaggafar tagulla a kan sanda, kuma can ido ke fara sauka. Ka ba janar ɗinka mako guda in kana so, ka yi masa ido har da gira, shi ɗaya ne. Daga ƙarshe ka fesa wa kowa fentin kariya marar ƙyalli, a ranar da iska ba ta da laima don kada ya yi musu fari kamar hazo, kuma kada ka bar wannan sai daren wasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu wasan nan sun daɗe suna cewa bataliyar da aka gama fentawa jiya ita ke fara gudu a karon farko, don haka ka sa sabuwar a sahun baya, kusa da janar, inda abokin karawarka zai daɗe yana kallonta.