Sifili Biyu da Lanƙwasa Ta Cinye

Ranar da na gaya wa Kawu cewa ina koyon aikin soket, sai ya yi hamdala, ya kama hannuna ya kai ni bayan keken ɗinki, ya nuna mini wani soket da ya ƙone tun azumin bara. Na yi ta bayani cewa nawa soket ɗin ba na bango ba ne, wata kafa ce da manhaja ke buɗewa don ta yi magana da wata manhajar a wata kwamfuta, kuma a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka fito da tsarinsa a 1983. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, wannan ɗin wa zai gyara?"

Shagon Kawu hawa biyu ne. Shi yana sama yana yanka yana yanke farashi, yaron shago yana ƙasa yana miƙa ɗinki yana karɓar kuɗi. Tsakaninsu taga ce da maƙogwaron Kawu, wanda duk layin ya san kuɗin ɗinkin kowa ta dalilinsa. Ni da nake zaman jiran bautar ƙasa, ga tsofaffin kwamfutoci biyu, ga yaren rubuta manhaja na Python da na fara ɗanɗana, sai na ga ai wannan ihun bai dace da zamani ba.

A takarda abin ba wuya. Manhaja ɗaya ce mai masauki, ita ake kira saba: ta kama ƙofa, ta kasa kunne, ta jira sallama. Ɗayar baƙuwa ce, ta zo ta ƙwanƙwasa. Ƙofofin suna da lamba daga 0 zuwa 65535, amma na ƙasa da 1024 na manya ne, a Linux sai mai izinin shugaba ke taɓa su, don haka na zaɓi 5000 kamar talaka mai sanin matsayinsa. Har gaisuwar da TCP, ƙa'idar da manhajojin ke bi wajen zance, ke yi kafin a fara magana ta burge ni, domin sau uku ce: a yi sallama, a amsa, mai sallama ya nuna ya ji amsar. Na ce lallai wanda ya tsara wannan ya sami tarbiyya.

Daren farko na rubuta "sannu", ta fito a wata tagar da ke kan allon kwamfutar. Ban yi barci ba don murna. Da safe na kai kwamfuta ɗaya ƙasa, na tara yaran shago, na aika saƙo. Shiru. Kwana biyu ina zargin waya, ina zargin zafi, har na fara zargin wani maƙwabci mai kallon da ban yarda da shi ba, kafin na gane cewa adireshin da na sa, 127.0.0.1, ma'anarsa "ni kaina". Kowace kwamfuta a duniya haka take kiran kanta. Ashe duk daren nan ni kaɗai nake sallama ina amsa wa kaina, kamar wanda ake shirin kaiwa turu.

Sai matsalar ƙofa. In na kashe saba na sake kunnawa, sai ta ce adireshin yana hannun wani. Wane ne, alhali ni kaɗai ne? Na gano magani: in kashe kwamfutar gaba ɗaya in kunna. Mako guda ina wannan, har ina koya wa wani abokina a matsayin sirri. Daga baya na fahimci cewa TCP na riƙe ƙofar na ɗan lokaci bayan an rufe, daƙiƙa 60 a Linux, ko da wani saƙo da ya makara a hanya. Tsohuwar kwamfutata kuwa minti huɗu take yi kafin ta farka. Da shayi na sha a wannan lokacin ma da ta warke. Layi ɗaya mai ɗauke da SO_REUSEADDR ya kashe maganar.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne TCP bai san saƙo ba, kwarara kawai ya sani. Kamar bututun ruwa ne: ka zuba bokiti biyu, wanda ke ɗaya bakin ba zai san inda na farko ya ƙare ba. Kawu ya aika "rigar Hajiya a sa mata aiki", ya bi da "wandon Malam a rage tsawo", suka isa ƙasa a manne, yaro ya hau sama yana tambaya ko wandon ne za a yi wa aiki. Maganin da masana ke bayarwa shi ne kafin kowane saƙo ka aika tsawonsa a bayit huɗu, mai karɓa ya ƙirga daidai ya tsaya. Na yi haka. Na gwada da "gwaji", na gwada da "sannu da aiki", komai lafiya lau. Na tara yara na yi musu huɗuba cewa daga yau abin da allo ya nuna shi ne gaskiya, mutum na mantuwa, kwamfuta ba ta yi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Kawu ya koyar a firamare kafin ya kama almakashi. Ba ya rubuta kudi, kuɗi yake rubutawa, kuma sai da ya sa na saka masa allon rubutu mai lanƙwasa kafin ya yarda ya taɓa na'urar. A tsarin UTF-8, harafi irin a ko k bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu ne. Ni kuwa haruffa nake ƙirgawa, ba bayit ba. Wato duk lanƙwasa ɗaya da Kawu ya rubuta, sai an gutsure harafi ɗaya daga wutsiyar saƙon.

Ranar Alhamis, ana saura kwana uku wani biki, wani Alhaji ya zo karɓar babbar riga. Kawu ya zauna ya gyara tabarau ya rubuta, "Kuɗin ɗinki naira 15000". Lanƙwasa biyu. Abin da ya isa ƙasa shi ne naira 150. Yaron ya duba allo, ya duba rigar, ya tuna huɗubata, ya faɗi abin da ya gani. Alhaji bai yi musu ba. Ya ba da naira 200, ya ce a riƙe canji, ya sa wa shagon albarka, ya ce rabonsa da ganin tela mai tsoron Allah irin wannan tun yana saurayi.

Sifilin nan biyu ba ɓacewa suka yi ba, suna nan cikin bututu. Da Kawu ya aika saƙo na gaba, manhajata ta ɗebe su a matsayin farkon lambar tsawo, ta lissafa cewa saƙo mai bayit sama da miliyan 800 na tafe, ta gyara zama tana jira cikin ladabi. Tana cikin jiran ne Kawu ya sauko karɓar ciniki.

"Kai, zo nan. Ina kuɗina?"

"Kawu, wallahi suna cikin bututu."

"Wane bututu?"

Na fara bayanin bayit. Na ce laifin ɗ ne. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shekara goma yana koyar da ɗ bai taɓa cin kuɗin kowa ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a mai da rubutu bayit tukuna, sannan a ƙirga. Zuwa gidan Alhaji da bayanin cewa tela mai tsoron Allah yana bin sa 14800 shi ya ɗauki yini guda, kuma ni aka aika, a ƙafa. Ya biya, amma sai da ya sa na maimaita labarin gaban baƙinsa sau biyu.

Manhajar tana aiki yanzu, ko ɓ nawa ka zuba mata. Kawu ma yana amfani da ita. Yakan rubuta farashi a hankali, ya danna aikawa, sannan ya miƙe ya leƙa taga ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji: "Dubu goma sha biyar! Sifili uku ne, ka ƙirga!"