Masu Sayen Rigar Sanyin Ɗan Yaye a Katako

Jos tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinta kashi biyu ne. Akwai na hunturu, a Disamba da Janairu, busasshe mai fasa leɓe, wanda da asuba yakan sauko wajen digiri 10. Akwai kuma na Yuli da Agusta, lokacin da marka take kafa zango, a wuni ana yayyafi, shanya ta ƙi bushewa. Babba ya san yadda zai yi da kansa. Wahalar tana ga ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa uku, wanda ya sauka daga goyo, ƙafa ta yi ƙwari, ba ya zama wuri guda, kuma bai iya cewa sanyi yake ji ko zafi ba. Dole wani ya yanke masa hukunci. Alƙalan kuwa, in kana son ganinsu, ka leƙa layin 'yan gwanjo a kasuwar Katako.

Wanda ya fi yawa shi ne uban "zai girma da ita". Yaro ɗan wata ashirin, takardar wuyan riga ta ce shekara 5 zuwa 6. Mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan ta yi masa yawa fa." Ya ce, "Malam, yaro ne yake girma, riga ba ta girma." Ka rasa ta inda za ka kama shi, don gaskiya ya faɗa. Sai a naɗe hannun rigar ninki uku, bakinta yana sharar ƙasa, yaro ya taka ya kife, ya tashi ya sake takawa. Iska kuwa ta samu ƙofa ta wuya da ta ƙasa, tana shige da fice abinta. Kafin yaron ya cika rigar zif ya mutu, aljihu ya yage. Amma Alhaji ba yaro ɗaya ya saya wa ba. Ya lissafa da ƙanen da ke ciki, har da wanda ba a yi cikinsa ba tukuna.

Kaka ita ba ta san riga ɗaya ba. Limoniya take tsoro, kuma a wurinta ta kowace kafa tana iya shigowa. Da fari a mulke ƙirji da man zafi, a sa singileti, a ɗora riga, suwaita biyu, jaket, hula mai rufe kunne, safa kan safa, sannan a goya shi a lulluɓa tawul. In aka sauke shi sai ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a ware, kamar buhun dankalin Bokkos, idanu ne kawai suke motsi. Uwar ta kai hannu za ta rage ɗaya, Kaka ta ce, "Ke, bar min maigidana! So kike ki sa ni takaba da tsufana?" Uwar nan ta je asibiti, ta ji da kunnenta cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo limoniya, kuma rigakafinta yana cikin alluran da aka riga aka yi wa yaron. Ta ji cewa riga ɗaya ake ƙara masa a kan abin da babba ya sa, kuma ƙeya ko ƙirji ake taɓawa a gane yanayinsa, ba tafin hannu ba, wanda dama sanyi gare shi. Ta kuma ga ƙurajen zufa a bayansa a tsakiyar Janairu. To wa zai gaya wa uwar miji? "To, Inna," ita ce amsa, sai an shiga ɗaki a zare suwaita ɗaya a cusa ƙarƙashin filo. Ni duk wannan dariya yake ba ni, ban da abu ɗaya: kaskon gawayin da take cewa a shigar ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da garwashi yake fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kashe mutane suna barci. A nan kam kunyar suruka ba ta da muhalli.

Sai uwar hoto. Ita rigar da take nema sai fara tas, mai gashi a bakin hula da kunnuwan dabba a sama, irin haɗaɗɗiyar nan daga wuya har idon sawu, wadda aka ɗinka don ƙasashen da dusar ƙanƙara take rufe mota. A sa wa yaro, a ɗauki hoto, a ɗora a WhatsApp, ƙawaye su yi ta turo "Masha Allah, ɗan Turai". Minti goma bayan nan ɗan Turai ya gamu da jar lakar ƙofar gida. Babban tashin hankalin ma shi ne, yaron yana koyon zaman fo ne. In ya ce "fitsari", ba sanarwa yake yi ba, labari yake bayarwa. Kafin a gano kan zif, a zare hannu ɗaya, a zare ɗayan, aikin gama ya gama, kuma rigar mai soso ce, a marka sai ta kwana uku a igiya.

Wadda nake girmamawa, ko da yake ba na son haɗa layi da ita, ita ce gwanar dila. Ta san ranar da kowane mai kaya yake fasa dila, ta riga shi isowa. Ta san kayan nan daga Ingila da Amurka da Sin suke tasowa, su sauka a Kwatano ko Lome, su tsallako iyaka ta hanyar da suka sani, tun da Najeriya ta daɗe da sa gwanjo cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su. Ana yanke ɗaurin dila, warin nan na gwanjo ya tashi, ita hannunta ya riga ya nutse har gwiwa. Ba ta kallon ado. Zif take fara ja sama da ƙasa, don ta san zif ɗin da ya ciji haɓar yaro sau ɗaya ya raba shi da rigar har abada. Sai ta juya cikin rigar waje ta bi ɗinki da yatsa, ta ga ko an liƙe shi da siririn tef ɗin da yake hana ruwa bi ta hudar allura. Ta ɗaga ta saitin rana ko robar ciki ta fara tsagewa. Daga nan ta ɓula ledar ruwa da haƙori ta ɗiga a hannun rigar: in ya dunƙule ya gangara, to, in ya shige, ta wurgar. In hular tana da igiya, tun a nan take zare ta, don igiyar wuyan yaro ba ta rasa abin da za ta maƙale a ciki. Ta fahimci abin da sauran suka kasa: rigar ruwa ba ta ɗumama jiki, suwaita ba ta tare ruwa, auduga mai kauri kuma in ta jiƙe ita ce sanyin. Don haka biyu take saya, mara nauyi ta sama da mai laushi ta ciki, rana ta fito a cire ɗaya.

Aibinta bakinta. Tana tayi mai kaya yana "albarka" har muryarsa ta dushe, ya sallama don ta tafi. Ba kuwa za ta tafi ba. Sai ta juyo kan wadda ta riga ta biya: "Yaya, nawa kika ba shi? Innalillahi! An yanke ki."

Ɗan boko da waya a hannu yake zuwa. Ya karanta cewa ana auna ƙarfin yadin rigar ruwa da milimita, kuma ta yaro mai wasa a waje ya kamata ta kai 5,000. Ya tambayi mai kaya lambar wannan. Mai kaya ya dube shi, ya dubi rigar, ya ce, "Oga, ruwa dai ba ya shiga." Ya tafi da takaicin jahilcin ƙasar nan, ya yi oda ta intanet. Kaya suka iso a Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ta fara.

Kawu "mu a zamaninmu" ba ya saye, sharhi yake yi. Su da ɗan kamfai suka tashi, a rafi suke wanka da asuba, yaran yanzu ne aka sangarta. Yana faɗin haka ne a teburin mai shayi, cikin kwat har gwiwa, hular sanyi a ƙarƙashin zanna, hannuwa biyu a kan murhu. Kusa da shi a kasala akwai mai leda, wanda sai hadari ya haɗu yake tuna yana da ɗa, ya ɗaura masa baƙar leda a ka su faɗa keke, alhali ba abin da ake nesanta shi da fuskar yaro irin leda. 'Yan biki daga Sakkwato kuwa, da suka zo a Agusta da ɗansu cikin shadda da takalmi sau-ciki, su ba laifinsu ba ne. Kafin la'asar za ka gan su a layin suna tambayar inda ake sayar da safa.

Duk wannan shari'a ana yin ta ne a kan mutumin da ba a nemi ra'ayinsa ba, shi kuwa yana da shi. Wani in ya ga riga ta nufo shi sai ya sandare hannu, ka rantse ba gwiwa a ciki. Wani in aka sa masa takalmin roba, ya ɗauka izini aka ba shi, sai ya zaɓi kududdufin da ya fi zurfi ya dira, ruwa ya shiga ta sama ya zauna. Wani takalmin yake ƙin cirewa, da shi zai kwana. Amma a kan hula bakinsu ɗaya: ana sawa ana cirewa, in an shiga keke kuma a miƙa hannu waje a sake ta a Bauchi Road. Shi ya sa mai sayar da hulunan yara ba ya jan ciniki da kai a zuwan farko. Ya san kafin Juma'a za ka dawo.