Ranar da Na Kori Iska Daga Tankin Gidana

A unguwarmu duk wanda ya haƙa rijiyar burtsatse tsarinsa ɗaya ne: samo a ƙasa, baƙin tankin roba a kan ƙarfe, ruwa ya hau sama ya riƙa saukowa da kansa. Ban taɓa jin wanda ya yi kuka da wannan ba sai ni. Ni ruwan shawa nake so mai ƙarfi, irin wanda na tarar a wani otal a Abuja, wanda in ya sauka a gadon bayanka sai ka yi salati.

Na duƙufa kallon Amurkawa a YouTube. Su a gidajensu na karkara ba a ɗora tanki a sama. Inji ne ke tura ruwa cikin rufaffen tankin ƙarfe, wani makunni yana gadi: in matsin ya sauka zuwa 30 a ma'aunin psi ya tayar da injin, in ya kai 50 ya kashe shi. Na ce ashe wannan ne duk sirrin? Na garzaya kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo inji mai ƙarfin doki ɗaya, da makunni, da agogon awo. Da aka zo kan tanki mai shago ya nuna mini wani mai lita 100. Na ji kuɗinsa, na nuna ɗan ja mai lita 24 da ke gefe. Ya ce, "Alhaji, wannan zai yi maka kaɗan." Na yi masa murmushin wanda ya san makircin 'yan kasuwa.

Ranar farko ruwa ya zo da ƙarfi har na kira maƙwabcina ya gani. Ranar ce kuma aka fara jin ƙas, sai gurnani, sai ƙas. Kafin a cika bokitin wanka injin ya tashi ya mutu ya sake tashi. In muna kan janareto, duk tashin da zai yi sai ƙwan falo ya dushe, janareton ya yi tari. Da asuba ana jin alwalar kowa a gidan, har ana gane wanda ya makara.

Uwargida ta ce, "Maigida, a kira mai gyara mana."

Na ce mata gidan da nake ciki ba ya bukatar mai gyara. Na zauna gaban tankin na ƙwanƙwasa shi, na ji yana amsawa kamar babu komai a ciki. A bayansa na ga ɗan bawul irin na tayar mota. Na danna, iska ta yi tsaki. Nan take na gano cutar da aka yi mini: an sayar mini da tankin ruwa cike da iska! Na sa ƙusa na danne bawul ɗin har ya yi shiru, na shiga gida na sanar da iyali cewa yanzu ruwa ya samu wurin zama.

Daga ranar injin ya daina hutawa tsakanin ƙas da ƙas. Da an murɗa famfo sai allurar agogon ta yi ta tsalle, bututu suna dukan bango. Ba a yi nisa ba muka ji ƙauri, kafasita ta kumbura, injin ya yi shiru.

Dattijon mai gyaran famfo da uwargida ta aika aka kira bai ce komai ba da farko. Ya danna bawul ɗin nan, ni kuma na sunkuya don in nuna masa na san wurin, sai ruwa mai tsatsa ya feso mini a ido.

"Alhaji, wa ya sace iskar tankin nan?"

Na ce, "Baba, ka san halin yara."

Daga bayan labule aka yi gyaran murya.

Ya ce a cikin tankin akwai jakar roba, ruwa a cikinta, iska a kewaye. Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa, ita ce kuma ke turo ruwan zuwa famfo alhali inji yana hutawa. Da aka fitar da ita, jakar ta buɗe har ta yage. Wannan fa shi ne abin da Robert Boyle ya wallafa tun 1662, cewa in matsi ya ninka, girman iska ya ragu da rabi. Na haddace shi a sakandare, har na ci jarrabawa a kansa.

Sai ya zo kan lissafin da ya fi yi mini ciwo. Tanki ba ya ba ka abin da aka rubuta a jikinsa. A tsakanin 30 da 50, abin da ke fita kafin inji ya sake tashi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, wato ɗan jan tankina, ko yana da ƙoshin lafiya, kimanin lita 7 yake bayarwa. Injina kuwa yana tura wajen lita 40 a minti, don haka cikin daƙiƙa goma da 'yan kai ya cika shi ya mutu. Masu ƙera injina irin su Franklin Electric suna so inji ya yi aƙalla minti ɗaya yana aiki duk tashi, domin wutar da yake ja lokacin tashi ta ninka ta aiki sau biyar ko fi, kuma zafin nan sai ya samu lokacin hucewa.

"Amalanke ce, Alhaji," in ji shi. "Wahalar tana wajen tayarwa. Kai kuma ka sa shi tayarwa yini guda."

Lita 40 a tashi ɗaya na nufin tanki mai lita 150. Ashe har wanda mai shago ya nuna mini bai kai ba, amma ban ga dalilin komawa in gaya masa ba, sai na aiki ƙanena wani shagon. Kafin a buɗe wa sabon tankin ruwa, Baba ya aro ma'aunin mai facin bakin titi ya daidaita iskar a 28, biyu ƙasa da inda inji ke tashi, ya ce a riƙa dubawa lokaci-lokaci, inji a kashe, tanki babu ruwa.

Na ce to, zan riƙa dubawa.

Ya ɗaure murfin bawul ɗin tamau, ya juya wajen labule ya ce, "Hajiya, in lokacin ya yi a aiko mini yaro."